Tafin da Ban Yi Ba

Yau ake karrama ki a Idi-Araba.
An ce an shimfiɗa jar darduma har bakin matakala,
an ce sai da aka kira sunanki sau uku kafin ki tashi,
Farfesa Ibironke,
wai kina laluben tabarau a jaka.

Ni ina Agege, ɗakin maza, gefen gado na sha ɗaya.
Ruwa ya tare Oshodi tun la'asar,
wadda za ta canje ni tana cikin danfo har yanzu.
Katin gayyata na aljihuna, gumi ya cinye gefensa.
Ke kika ce ba a barin ɗaki
sai an damƙa shi hannu da hannu.
To ga shi nan,
maganarki ce ta hana ni zuwa bikinki.

Tabawa ta turo mini hoton lambar:
gilashi ne, da rubutun ruwan zinare.
Shekara talatin da ɗaya. Bincike sittin da 'yan kai.
Sashen da kika tarar ɗaki guda a ƙarƙashin bene,
da allo, da ƙwarangwal ɗin roba mai hannu ɗaya,
yau tsangaya ce mai hawa uku.
Duk gaskiya ne.
Gilashin ne ya yi kaɗan.

Bai ce kin sa na warware gado sau bakwai ba
saboda 'yar yamutsewa a zani da idona bai gani ba.
"Wannan," kika ce, "nan da kwana uku
gyambo ce a bayan tsoho."
Na laɓe bayan ɗakin wanki na zage ki da Hausa,
ashe a Gusau kika yi bautar ƙasa.
Washegari kika ce, "Ladidi, ina kwana?
Yaya gajiyar baki?"

Bai ce kin shiga kwalekwale a Makoko ba,
takalmi a hannu, abin awon jini a wuya,
kina ƙirga masu ciki ƙofa-ƙofa a kan ruwa,
kika kai alƙaluman gaban masu kujera
kika ƙi tashi sai da aka ba su ungozoma biyu.

Bai san shekarar da motar tumatirin babana
ta kife a hanyar Jebba ba.
Ya taso daga Mil Sha Biyu zai tafi da ni, babu kuɗin zango.
Kika ba shi kujera da ruwan sanyi,
kika ce, "Alhaji, bar mini ita."
Kika bi ofis-ofis har takarda ta fito.
Ya kawo miki kwandon tattasai,
kika ƙirga kuɗinsa kika biya.
Mako guda yana fushi.

Na ji an kira Dakta Okwudili ma,
mai cewa sifili ɗaya a inda ba wurinsa ba, kabari ne;
da Malama Uwani,
wadda rabin yaran Mushin a tafin hannunta suka fara kuka.
Ku gaisa da ni. Ku ci rabona na shinkafa.

An ɗauke wuta. Janareta na tari.
Baba Ɗanlami ya kira ni da sunan 'yarsa,
na amsa.
Na ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa,
ban da babban yatsa, kin ce shi ma da nasa bugun,
ina duban agogon da ke rataye a ƙirjina.

Can zauren ya miƙe tsaye, na sani.
Ni hannayena ba su da sarari.
Ki karɓi wannan a madadin tafi, Farfesa:
saba'in da takwas a minti,
ba gudu, ba tuntuɓe.
Shekaranjiya ɗari da ashirin ne.